Muhawara: Shin kyan shafin intanet yana nuna ingancin abin da ke cikinsa?

Maryam: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ina aji huɗu a sashen nazarin labarin ƙasa, kuma kundin da nake rubutawa ya shafi yadda birnin Kano yake faɗaɗa zuwa Kumbotso da Ungogo. A babi na ɗaya ina bukatar adadin mutanen birnin a halin yanzu. Na samu wani shafi mai kyan tsari ƙwarai, da taswira mai launi da jadawali, har da wata lamba da ke ƙaruwa a gaban idon mutum tana nuna yawan jama'a. Na kuma shiga shafin wata hukumar gwamnati, sai na tarar da takardun PDF masu nauyi waɗanda da ƙyar suke buɗewa a waya, alƙaluman da ke cikinsu kuma sun kwana biyu. A darasin amfani da laburare da muka yi a aji ɗaya, an koya mana cewa ana gane shafin kirki da tsafta, da sabon kwanan wata, da rashin kurakuran rubutu, da ƙarancin talla. Idan da wannan ma'auni zan yi aiki, na farkon ne ya ci. Don Allah da wanne ya kamata in kafa hujja?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Maryam. Kafin a zo kan kyan shafi, ki tambayi kanki daga ina lambar ta fito. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ba ƙasar mutum 140,431,790, ta ba Jihar Kano 9,401,288. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk wani adadi da kika gani na bana, ko a shafin da aka ƙawata ko a takardar gwamnati, hasashe ne da aka gina a kan tsohuwar ƙidaya da wani ƙiyasi na yadda jama'a ke ƙaruwa duk shekara. Wannan lamba mai motsi da ta burge ki babu wanda yake zaune a asibitin haihuwa yana aiko mata da rahoto. Lissafi ne aka saka wa kwamfuta, tana ƙara ɗaya bayan wasu daƙiƙoƙi. Galibin irin waɗannan shafuka daga hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suke ɗebowa, kuma na kirki a cikinsu sukan rubuta hakan da ƙananan haruffa a can ƙasa. Ki gangara ki duba. In kin ga sunan majiyar, ki bi ta har gidanta ki ɗauko adadin a can, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Akwai kuma tambaya ta biyu da ta fi wannan muhimmanci ga aikinki: wace Kano ake nufi? Jiha ce mai ƙananan hukumomi 44, ko ƙaramar hukumar Birni kaɗai, ko kuwa takwas ɗin da aka saba haɗawa a kira su ƙwaryar birni da kewayenta, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso? Na sha ganin kundin ɗalibi da ya ɗauki adadin jiha ya jingina wa birni, don shafin da ya kwafo bai bambance ba.

Injiniya Nura: Malam Habibu, na yarda da abin da ka faɗa game da alƙaluman, amma ina gudun kada ɗalibai su fahimci cewa tsarin shafi ba ya nuna komai. Sana'ata ke nan, ƙera shafuka, kuma na san cewa yadda aka tsara shafi yana tona asirin mai shi ga wanda ya iya kallo. Shafin da ya rubuta sunan marubuci a kan kowace maƙala, ya sa ranar wallafa da ranar gyara, ya ware wuri yana bayyana su wane ne masu shi da inda ofishinsu yake, ya kuma sa mahaɗa zuwa majiyoyinsa, wannan ya nuna yana shirye a tuhume shi. Wanda kuwa tallan caca ya rufe rabin rubutunsa, kanun labarinsa ya saɓa da abin da ke ciki, kana danna wuri ɗaya yana jefa ka wani shafin daban, ba sai an gaya maka cewa kuɗin talla yake nema ba. Duk waɗannan abubuwa tsari ne.

Dakta Rabi: Injiniya, ina da tambaya gare ka, kuma ina so ka amsa ta a matsayinka na mai sana'a. Idan mutum ya zo maka da kuɗinsa ya ce ka gina masa shafi mai kama da na cibiyar bincike, da tambari, da sunayen marubuta, da adireshin ofis, da wurin bayanin su wane ne su, kwana nawa zai ɗauke ka? Kuma kana da hanyar tabbatar da cewa sunayen da ya ba ka na mutanen gaske ne?

Injiniya Nura: Ranki ya daɗe, ba zai kai mako ba, tunda akwai samfuran da aka riga aka tsara a WordPress, sai dai a sauya launi da rubutu. Sunaye kuwa abin da aka ba ni shi zan saka.

Dakta Rabi: To, a nan gizo ke saƙar. Duk alamun da ka lissafa mai shafin ne yake da ikon saka su, don haka suna iya taimaka maka ka watsar da shafin banza, amma ba za su iya wanke shafin da ya iya ado ba. Wannan matsala an daɗe da auna ta. A 2002 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin B.J. Fogg, sun sa mutum 2,684 su duba shafuka su faɗi dalilin da ya sa suka yarda da su ko suka ƙi. Abin da ya fi fitowa a bayanansu, kusan kashi 46 cikin 100, shi ne kamannin shafin: launi, haruffa, yadda aka jera abubuwa. Wanda ya rubuta da kuma inda ya samo bayaninsa sun zo a baya.

Binciken da na fi so ɗalibaina su sani shi ne na Sam Wineburg da Sarah McGrew, su ma a Stanford, wanda suka fitar a 2017. Sun tara rukuni uku: malaman tarihi masu digirin digirgir su 10, ƙwararrun masu tantance labarai a gidajen jarida su 10, da ɗaliban jami'ar su 25. Suka ba su maƙaloli biyu a kan cin zali a makarantu, daga ƙungiyoyi biyu na likitocin yara masu sunaye kusan iri ɗaya. Ɗaya ita ce babbar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda aka kafa a 1930, mai mambobi sama da 60,000. Ɗayar kuwa ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle daga uwar a 2002 saboda saɓanin aƙida. Dukansu shafukansu tsaf suke, kowanne da tambarinsa. Masu tantance labarai gaba ɗayansu sun gano wadda ta fi zama abin dogaro, kuma cikin ɗan lokaci. Mafi yawan ɗaliban sun zaɓi ƙaramar. Su kansu malaman tarihin, rabinsu ne kawai suka tsaya a kan babbar.

Abin da ya raba su ba yawan ilimi ba ne. Ɗalibai da malaman tarihi sun zauna a cikin shafin suna karanta shi daga sama har ƙasa, suna auna shi da abin da ya faɗa game da kansa. Masu tantance labarai kuwa da ƙyar suka yi 'yan daƙiƙoƙi a ciki, sai suka fita, suka buɗe wasu shafuka a gefe, suka rubuta sunan ƙungiyar suna neman abin da wasu suka ce a kanta. Da haka suka san da wa suke magana kafin su saurari maganarsa. Wannan ɗabi'a ce nake ganin darasin laburare na aji ɗaya bai cika koyarwa ba, domin jerin alamun da ake ba ɗalibai duk a cikin shafin ake duba su.

Malam Lawan: Dakta, abin da kika kawo ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna a gaban malamin hadisi. Magabata ba su karɓi ruwaya don daɗin lafazinta ba, sai sun bi isnadi mutum bayan mutum, sun ji abin da wasu malamai suka ce game da gaskiyar kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa ba don isnadi ba, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Mai ruwaya ba ya wanke kansa, wasu ne suke wanke shi ko su soke shi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ɗalibin da ba zai yarda da hadisi ba sai ya ji wanda ya ruwaito shi, shi ne kuma zai ɗauki adadi daga shafin da ba shi da ko sunan marubuci ya zuba a kundinsa.

Auwal: Malamai, a gafarce ni, ina da ja a kan wani ɓangare. Ni ɗalibin digiri na biyu ne, kuma dokar da muka taso da ita mai sauƙi ce: idan adireshin shafi ya ƙare da .gov.ng ko .edu.ng ko .org, kuma akwai hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefen adireshin, to an amince da shi. Shin wannan ma ba ta tsira ba?

Injiniya Nura: Auwal, rabinta ta tsira. Adireshin .gov.ng da .edu.ng ba a sayar wa kowa da kowa, sai hukumar gwamnati ko makarantar da ta kawo takardun shaida, don haka suna tabbatar maka da cewa shafin na wanda aka ce ne. Amma .org kasuwa ce a buɗe, yau ɗin nan kana iya saye da katin bankinka. An yi shekaru wani shafi mai ɗauke da sunan Martin Luther King da .org a ƙarshe yana hannun wata ƙungiyar masu aƙidar fifita farar fata, ɗalibai a Amurka suna kwafo ɓatanci daga ciki suna zaton tarihi ne. Kwaɗo kuma abin da yake nufi kawai shi ne an lulluɓe saƙon da ke tsakanin wayarka da shafin, wani ba zai leƙa a hanya ba. Takardar shaidar da ke kawo shi kyauta ake samunta, 'yan damfara ma suna da ita. Saboda wannan ruɗani ne Chrome ya cire hoton kwaɗon a 2023 ya sa wata alama a madadinsa.

Ga wani abu da nake yi idan shafi ya ba ni shakka. Ina shiga ɗaya daga cikin shafukan binciken rajistar adireshi da ake kira WHOIS in ga ranar da aka yi wa adireshin rajista. Sau da yawa ana ɓoye sunan mai shi, amma kwanan watan yana nan. Cibiyar da ke iƙirarin ta shekara 30 tana bincike, adireshinta kuma bai wuce wata huɗu ba, tana da bayanin da za ta yi. Sannan ina saka adireshin a Wayback Machine na Internet Archive in ga kamannin shafin a shekarun baya, don wani lokaci za ka tarar shekara biyu da suka wuce takalma yake sayarwa.

Dakta Rabi: Ina so in ƙara wani abu a kan .gov.ng, don kada a ɗauke shi kamar saukakken littafi. Shafin hukuma yana ba ka matsayin hukumar, kuma wannan shi ake kira majiya ta asali, amma matsayin hukuma ma ana jayayya da shi. Ƙidayar 2006 da Malam Habibu ya ambata ta ba Legas 9,113,605, ƙasa da Kano, kuma gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Ƙidayar 1973 soke ta aka yi ɗungurungum. Ɗalibar da ke rubutu a kan yawan mutanen Kano ya kamata ta kawo adadin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da shekararsa, ta faɗi cewa an yi taƙaddama a kansa, sannan in za ta kawo hasashe ta bayyana wanda ya yi shi da ma'aunin ƙaruwar da ya yi amfani da shi. Mai duba aiki ya fi girmama wannan a kan lamba guda da aka ajiye kamar babu tantama a cikinta.

Maryam: Na gode ƙwarai, Malama. Na koma shafin na gangara ƙasa kamar yadda Malam Habibu ya ce, kuma lallai an rubuta cewa daga hasashen birane na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauko. Amma yanzu wata matsalar ta taso a babi na biyu. Ana son mu kawo maƙalolin mujallun ilimi, kuma duk wadda na samu mai kyau a Google Scholar, shafin neman maƙalolin ilimi, da na danna sai a nemi in biya dala 30 ko fiye. Waɗanda ake buɗewa kyauta kuma ban san yadda zan gane na kirki a cikinsu ba.

Malam Habibu: Maryam, wannan ƙorafi kullum muna jin sa a teburin tambaya, kuma abin takaicin shi ne yawancin ɗalibai ba su san abin da laburaren makarantarsu ya riga ya tanada ba. Ki fara da zuwa sashen intanet na laburarenku ki tambayi ma'aikaci waɗanne rumbunan mujallu makarantar take da rajista da su, ya ba ki kalmar sirri ko ya zaunar da ke a kwamfutar da aka haɗa. JSTOR tun 2006 ya buɗe wa makarantun Afirka rumbunsa ba tare da kuɗin shiga ba, kuma ko da asusun kanki kina iya karanta maƙaloli da dama kowane wata a kan allo. Akwai Research4Life, wanda ya haɗa Hinari na fannin lafiya da AGORA na noma da OARE na muhalli, ana ba makarantun ƙasashe masu tasowa kyauta ko da rahusa. Ga aikinki OARE zai yi amfani. Sai AJOL, rumbun mujallun Afirka da ya fara a 1998, yana ɗauke da mujallu sama da 500, kuma na Najeriya suna da yawa a ciki, ciki har da na jami'o'inmu na Arewa. A nan ne za ki fi samun wanda ya yi bincike a kan unguwannin da kike magana a kai.

A Google Scholar ɗin ma, kafin ki fid da rai ki danna wurin da aka rubuta cewa akwai wasu kwafe na maƙalar, domin sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi kyauta a rumbun jami'arsa. In duk ya ci tura, ki rubuta masa wasiƙa ta imel cikin ladabi, ki faɗi sunanki da abin da kike bincike. Marubucin maƙala ba ya samun ko kwabo daga dala 30 ɗin nan, kuma da yawansu murna suke yi a ce ana neman aikinsu.

Auwal: Malam, batun mujallun kyauta fa? A sashenmu ana yawan cewa duk mujallar da marubuci ke biyan kuɗi kafin a buga masa ta bogi ce.

Dakta Rabi: Wannan hukunci ya yi faɗi da yawa, Auwal. Akwai mujallu masu daraja da ke karɓar kuɗi daga marubuci don mai karatu ya samu kyauta, akwai kuma waɗanda ba sa karɓa daga kowa. Abin dubawa shi ne ko masana suna tace maƙala kafin a buga ta. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya rubuta maƙalar ƙarya a kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da duk masanin fannin zai gani, ya aika wa mujallu 304, kuma 157 suka karɓa. Ya wallafa sakamakon a mujallar Science. Da yawa daga cikin masu karɓar suna da shafuka masu kyau, da sunaye masu ɗauke da kalmomin duniya da ƙasa da ƙasa, da jerin farfesoshi a matsayin editoci.

Ga yadda nake gane su. Mujallar da ta yi alkawarin buga maka cikin mako guda ba ta tace komai ba, domin tacewar gaske takan ɗauki watanni. Wadda a fitowa ɗaya ta haɗa maƙala a kan noman albasa da wata a kan dokar gado da wata a kan injin jirgi, ba ta da fannin da ta ƙware a kai. Wadda ke turo maka imel tana yabon aikin da ba ka taɓa yi ba, ka san abin da take nema. Amma a nan ma, fita daga shafin ya fi zama a cikinsa. In mujalla ta ce tana cikin Scopus ko DOAJ, wato rumbunan da ke jera mujallun da suka tantance, kada ka tsaya a tambarin da ta manna, ka je shafin Scopus ko na DOAJ ka rubuta sunanta ko lambar shaidarta da ake kira ISSN, duka biyun ana dubawa kyauta. Ka ɗauki sunan babban editan ka duba ko shafin jami'arsa ya ambaci mujallar. Akwai ma masu satar sunan mujallar gaske su buɗe mata shafin jabu, don haka ka tabbata adireshin da kake kai shi ne wanda rumbun ya nuna.

Sai dai in yi adalci ga mujallunmu na gida. Akwai mujallun sassa a jami'o'inmu waɗanda ba sa cikin Scopus, wasu ma ba su da shafi sam, amma malamai na gaske suke tace su, kuma a fannoni irin su Hausa da tarihin garuruwanmu a nan ne ainihin aikin yake. Rashin shiga rumbun Turawa bai mai da su na bogi ba. A irin wannan, ka tambayi malamin fannin.

Malam Isufu: Gaisuwa daga Yamai. Ina bin wannan muhawara da sha'awa, domin ɗalibanmu ma haka suke fama. A wajenmu Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ke riƙe da alƙaluma, kuma ƙidayar 2012 ta ba Nijar mutum 17,138,707. Shawarar da zan ba Maryam ita ce kada ta tsaya ga abin da aka rubuta da Ingilishi kaɗai. Masu bincike na Faransa sun yi rubutu mai yawa a kan biranen ƙasar Hausa, musamman Maraɗi da Damagaram da cinikin da ke tsakaninsu da Kano, kuma yawancinsa yana nan kyauta a rumbunan maƙaloli na Persée da HAL da na cibiyar binciken Faransa ta IRD. Shafukan nan ba su da wani ado, wasu takardun hoton tsofaffin mujallu ne aka ɗauka, rubutun har ya dushe. Ko ba ta jin Faransanci, taswirori da jadawalin da ke ciki za su yi mata amfani, kuma za ta iya neman wanda zai karanta mata sashen da take bukata.

Malam Lawan: Malam Isufu ya tuna mini da ɓangaren tarihi. Maryam, in za ki taɓo yawan mutanen Kano a da, za ki ci karo da shafuka da dama suna cewa birnin yana da mutum kaza a ƙarni na 19, ba tare da sun ce wa ya ƙirga ba. Asalin waɗannan lambobi matafiya ne. Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824 ya ƙiyasta mutum 30,000 zuwa 40,000. Heinrich Barth ya zo a 1851 ya ce mazauna sun kai kimanin 30,000, adadin kuma yana iya ninkawa a lokacin da fatake suka cika gari. Littattafansu suna Internet Archive kyauta, kina iya buɗe shafin da suka faɗa ki ga da idonki cewa ƙiyasin baƙo ne da ya zaga gari, ki kuma rubuta shi a matsayin haka. Na zamanin Turawan mulki kuwa, rahotannin haraji da na gundumomi suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, sannan Arewa House, cibiyar binciken tarihi, ita ma tana can. Mafi yawansu ba su hau intanet ba, sai mutum ya taka da ƙafarsa.

Auwal: Tambayata ta ƙarshe, kuma na san da yawa a nan suna son yin ta amma suna jin nauyi. Mene ne hukuncin Wikipedia da ChatGPT? Gaskiya da su yawancinmu muke fara aiki.

Malam Habibu: Farawa da Wikipedia ba laifi ba ne, masu tantance labaran da Dakta ta ambata ma suna leƙa ta don sanin wace ce wata ƙungiya. Amfaninta yana ƙasan maƙala, inda aka jera majiyoyi. Ka bi lambar da ke gaban jimlar da ta ja hankalinka, ka buɗe majiyar, ka tabbata ta faɗi abin da aka jingina mata, sannan ita za ka ambata a kundinka. Ka kuma lura cewa maƙaloli da yawa a Wikipedia ta Hausa fassara ce daga ta Ingilishi, don haka ganin abu ɗaya a wurare biyun ba shaidu biyu ba ne.

Dakta Rabi: ChatGPT da 'yan'uwansa sun fi duk abin da muka tattauna haɗari ta fuska ɗaya, domin su ne ƙarshen iya ado. Za su ba ka sunan marubuci na gaske, da sunan mujalla ta gaske, da shekara da lambar shafi, a jere bisa ƙa'idar rubuta manazarta ta APA ba kuskure ko ɗaya, alhali maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙira, a ƙarar da wani fasinja ya shigar da kamfanin jirgin sama na Avianca. Ni a yanzu duk kundin da aka kawo mini nakan ɗauki madogara biyar daga jerin manazarta in neme su. In akwai lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, ina saka ta a doi.org, ko ta kai ni ga maƙalar ko ta nuna babu. In babu lambar, ina saka taken a Google Scholar. Ɗalibin da aka samu madogara ɗaya ta ƙarya a aikinsa sai ya kawo mini kwafin kowace maƙala da ya ambata kafin mu ci gaba. Ban hana kowa amfani da na'urar wajen neman kalmomin bincike ko fahimtar wani ra'ayi mai wuya ba, amma abin da idonka bai karanta ba kada ya shiga manazartarka.

Injiniya Nura: Ranki ya daɗe, na karɓi hujjarki, amma ina nan a kan bakata ta ɓangare guda. Hukumomin da ke riƙe da alƙaluman gaske suna da nasu alhakin. Idan rahoto yana cikin PDF mai shafi 400 wanda hoto ne aka ɗauka, ba a iya neman kalma a ciki, kuma sauke shi zai cinye datar ɗalibi ta kwana uku, to dole ɗalibin ya gudu wurin wanda ya sauƙaƙa masa. Jadawali ɗaya da za a iya saukewa a Excel, da shekara da bayanin yadda aka tara shi, ya isa ya rage rabin wannan matsala.

Dakta Rabi: A kan wannan ba mu da saɓani, Injiniya. Maryam, ga abin da nake so ki yi da babi na ɗaya. Ki kawo adadin 2006 na ƙananan hukumomi takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, tunda faɗaɗar Kumbotso da Ungogo kike nazari, sannan ki ajiye hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya a gefensa, ki bayyana cewa iyakar birnin da suka yi amfani da ita ba lallai ta zo daidai da taki ba. Duk shafin da kika ambata ki rubuta ranar da kika shiga, ki kuma adana kwafinsa a Wayback Machine, domin shafuka suna sauyawa ko su ɓace kafin ranar kare kundi.

Malam Habibu: Jadawalin ƙananan hukumomin yana cikin gazet ɗin gwamnatin tarayya, wato jaridarta ta sanarwar hukuma, na Fabrairun 2009, wanda ya fitar da sakamakon ƙarshe. Ki kula kada ki haɗa shi da sakamakon wucin gadi na 2007, wanda ya ba jihar 9,383,682, domin shafuka da dama har yanzu shi suke ɗauke da shi. Ki tambaya a sashen takardun gwamnati na laburarenku, a nan ake ajiye gazet.